Kafin ka kai wa Metir tes ɗinka, ga yadda ake bin sawun binciken likitan kunne da hanci da maƙogwaro

Makon da ya wuce ɗiyar kawuna ta shigo gida bayan magariba, tana shekara ta shida a fakilten likitanci na nan Garwa, ta zauna kan tabarma ko ruwa bata sha ba tace "Yaya ni fa a ORL nake son yin tes ɗina amma ban san wa zan kai wa ba, 'yan ajinmu sunce wane yafi kowa, wai yana da maƙala fiye da ɗari." Nace mata wa ya ƙirga? Tayi shiru. Nace to miƙo wayarki mu duba, muka zauna har aka kira isha'i muna ta latse-latse, rezo, wato sabis ɗin waya, na zuwa yana tafiya, wuta ma ta ɗauke a tsakani. Abin da muka yi a daren nan shi nake so in rubuta, don nasan ba ita kaɗai bace, yaran Garwa da na Njamena da yawa suna zaɓen Metir, wato malamin da zai duba musu tes, aikin binciken da ake kammala karatu da shi, da jita-jitar bakin aji kawai.

Ga wanda ba ɗan asibiti ba, ORL shine sunan da muke kiran fannin kunne, hanci da maƙogwaro a nan Kamaru da Cadi, 'yan uwanmu na Najeriya kuma ENT suke cewa. Likitocinsa ba su da yawa ko kaɗan. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 kan ji ya nuna kusan kashi 78 cikin 100 na ƙasashe matalauta basu da ko likitan ORL ɗaya ga mutum miliyan guda. To kaga wanda ka samu a kusa da kai ba abin rainawa bane, kuma ba wai ina koya maka yi wa manya binciken ƙwaƙwaf don ka raina su bane, a'a, so nake ka san wanda zaka bi shekara guda ko fiye, ka san me ya dame shi a ilimi, don in kaje gabansa kada ka zama kamar baƙon da bai san sunan mai gida ba.

Fara da suna, kuma nan ne wahalar farko take. Mu nan arewa sunayenmu basu da tsayayyen sunan iyali irin na Turawa, mutum ɗaya a wata maƙala zaka ganshi Hamadou O, a wata kuma an juya shi ya koma Oumarou H, a ta uku an ƙara sunan kaka ko na gari. A Cadi kuwa in ka rubuta Mahamat kaɗai sai Allah, likitan ido da na dabbobi da injiniyan ruwa duk zasu fito maka tare. Don haka ka gwada sunan ta kowace fuska, gaba da baya, sannan ka haɗa da sunan gari ko na asibiti. In yana da lambar ORCID to ka huta, wata lamba ce mai gurbi 16 da aka fara bayarwa a 2012, kyauta ce, kowane mai bincike da tasa kamar lambar katin ɗan ƙasa, ko an juya sunansa sau goma lambar bata canzawa.

Wurin dubawa na farko PubMed, na ɗakin karatun likitanci na gwamnatin Amurka ne, ba a biyan ko dala. Amma da Turancin Ingilishi yake aiki, in ka rubuta Cameroun irin yadda muka saba zai ɓoye maka abubuwa da yawa, sai ka rubuta Cameroon. Na Cadi ya fi ban dariya, Chad sunan mutane ne a Amurka, sai ka nemi ciwon kunne a ƙasar Cadi wani bature mai suna Chad ya fito maka da aikinsa kan gwiwa, gara ka sa N'Djamena ko Abéché ko Moundou. Daga nan ka koma Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, shi yafi faɗi don yana kwaso har tes-tes da mujallun Faransanci. Wannan yana da muhimmanci sosai gare mu, saboda mujallu da yawa da malamanmu ke bugawa a ciki basa cikin PubMed, misali Health Sciences and Disease ta fakilten likitanci na Yawunde, a shafinta ko a Scholar zaka fi samunta. Pan African Medical Journal ita tana cikin PubMed kuma tana karɓar Faransanci da Ingilishi, shi yasa zaka ga sunayen 'yan Kamaru da yawa a ciki. Akwai kuma AJOL da ke tara mujallun Afirka wuri ɗaya. Abin nufi, in ka duba PubMed ka ga maƙala uku kacal kada ka yanke hukunci cewa mutumin baya aiki, wataƙila ashirin na can da Faransanci inda injin bai leƙa ba. In maƙala ta kulle sai da kuɗi, je ka tambayi mai kula da ɗakin karatu ko makarantarku na da rajistar Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 don makarantu da asibitocin ƙasashe irin namu su riƙa karanta manyan mujallu, da yawa cikin ɗalibai har su gama basu taɓa jin sunansa ba.

To ka samu jerin. Kada ka ƙirga tukuna. Ɗauki biro da takarda ka jera su shekara-shekara daga ta farko zuwa ta ƙarshe, ka karanta kanun kawai, abin da kake nema shine zare, wato akwai wata tambaya ɗaya da mutumin nan yake ta komawa kanta ko kuwa yau yana hanci gobe yana maƙoƙo jibi yana wani abin da ko kusa da fanninsa bai yi ba don kawai abokinsa ya sa sunansa. Mai bincike na gaske zaka ga kamar wani abu ya hana shi barci. Misalin da nake yawan ba yara shine Graeme Clark, likitan ORL ɗan Ostareliya. Mahaifinsa mai sayar da magani ne da kunnensa ya mutu, yana yaro yana kallon yadda uban ke fama da masu sayayya a kanti. Ya zama likita yana samun kuɗinsa, ya ajiye ya koma karatun digirin dakta a Sidni ya gama a 1969, a 1970 ya zama farfesa a jami'ar Melbon, kuma duk shekarun nan tambaya ɗaya yake bi: za a iya sa waya cikin katantanwar kunne a tura wa jijiyar ji lantarki har kurma ya gane magana? Abokan aikinsa da yawa suna ganin ɓata lokaci ne, kuɗin binciken ma sai da aka yi ta roƙon jama'a ta talabijin. Sai a 1978 ya dasa wa wani mutum mai suna Rod Saunders na'urar, wanda haɗarin mota ya kashe wa ji. Kusan shekara goma kenan kan abu ɗaya kafin a ga haske. A 2013 aka bashi lambar yabo ta Lasker tare da Ingeborg Hochmair da Blake Wilson. Kuma shima ba daga sama ya faɗo ba, tun 1957 a Faris André Djourno da likitan ORL Charles Eyriès sun taɓa jijiyar ji da lantarki, William House kuma ya gwada tasa dasawar a Los Anjalis a 1961. In ka jera aikin irin wannan mutum zaka ga kowace maƙala tana taka kafaɗar wadda ta gabace ta. Ba nace malaminka na Garwa sai ya zama Clark ba, kayan aikin ma ina suke, amma ko a ƙaramin mataki ana gane wanda ya riƙe ciwon kunne mai zubar da mugunya a yara shekara takwas yana juya shi ta kowane ɓangare da wanda yake tsince-tsince.

Sai ka duba inda sunansa yake zama cikin jerin marubuta. A al'adar likitanci na farko shine wanda ya yi wahalar aikin ya rubuta, na ƙarshe galibi shine babba mai kula da aikin, na tsakiya kuwa akwai wanda ya taimaka da gaske akwai wanda aka sa don kunya ko don shine shugaban sashe. Likitan da yake tasowa ya kamata ka ganshi a farko a shekarunsa na fari, sannan a hankali ya koma ƙarshe, sababbin sunaye na yara su riƙa fitowa a gaba. Wannan juyawar ita nafi so in gani, don tana nufin yana renon wasu. Mutumin da muka duba da ƙanwata mai maƙala ɗari ɗin nan, da muka bi sai muka ga kusan duka yana lamba biyar ko shida cikin mutum tara ko goma, tace "Yaya to shi me ya rubuta?" nace ke dai ci gaba da dubawa, kada ki yi saurin baki.

Kuma gaskiya ba laifinsu bane kacokan. Ƙarin girma a jami'a da yawan bugu ake yinsa, ko ta CAMES, hukumar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka kan ilimin jami'a da ke Wagadugu, wadda aka kafa a 1968 kuma take shirya jarabawar agiregasiyon ta likitoci, wato ta hawa matakin farfesa, duk shekara biyu, ko ta kwamitin da Kamaru ke da shi na kanta. In an ce sai ka kawo maƙala kaza kafin ka hau mataki, dole mutane su riƙa yanka aiki ɗaya gida uku, ko su ce sa ni in sa ka. Ka san da wannan kawai.

Yanzu buɗe guda biyu ko uku ka karanta da kanka, ba taƙaitawar sama kaɗai ba. Tsallake gabatarwa, kowa ya iya ta, tafi kai tsaye inda aka faɗi yadda aka yi aikin. Mutum nawa aka duba, a wane asibiti, daga wace shekara zuwa wace, an bi tsofaffin dosiye, wato takardun marasa lafiya, ne ko an tsara tun farko ana bin marasa lafiya gaba. In ance an auna ji, da me aka auna, da na'urar awon ji a ɗaki mai shiru ko da raɗa a bayan kunne a baranda ana hayaniya. Nawa suka ɓace basu dawo ba, wannan babba ce a wajenmu, mutum ya zo daga Figil ko Gidar ko wani ƙauye bayan Pitowa an masa aiki ya ji sauƙi, ina zai sake kashe kuɗin mota don kawai likita ya leƙa kunnensa. Mai gaskiya zai rubuta cewa kaza sun ɓace mana, wanda ya nuna maka kowa ya dawo kuma kowa ya warke to ka ɗan ɗaga gira. Akwai kuma rahoton mutum ɗaya, irin an ciro wani abin mamaki daga hancin yaro ko wani ƙari da ba a saba gani ba, yana da amfaninsa kuma da shi yawancinmu muka koyi rubutu, amma in shekara goma sha biyar mutum bai wuce nan ba to bai shiga bincike sosai ba tukuna.

Sai maganar lambobi, wadda yara suka fi so don tana da sauƙi. A Scholar ƙarƙashin kowace maƙala zaka ga Cité par da lamba a gaba, wato sau nawa wasu suka ambace ta a nasu aikin. Daga nan ake fitar da abin da ake kira ma'aunin h, wani masanin fiziya Jorge Hirsch ya ƙirƙiro shi a 2005. Lissafin ba wuya: in ance h ɗin mutum 10 ne, yana da maƙala 10 da kowacce aka ambata aƙalla sau 10. Mai maƙala 100 da kowacce aka ambata sau 2, h ɗinsa 2 ne duk yawan nan. Amma kuma mai maƙala guda ɗaya tak da aka ambata sau 1000, h ɗinsa 1 ne, kaga ma'aunin yana da makanta ta wannan gefen. Kada ka gwada h na likitan ORL da na likitan zuciya ko mai binciken SIDA, fanninmu ƙarami ne masu rubutu a ciki kaɗan ne, ambato baya taruwa da sauri. Kada kuma ka gwada wanda ke rubutu da Faransanci a Marwa da wanda ke Landan. Sannan ka danna lambar nan ka ga su waye suka ambata, in ka tarar shi ne yake ta ambaton kansa, ko shi da abokansa uku suna ta juya wa juna kamar adashi, to ka rage mata daraja. In kuwa ka ga wani a Bamako ko Kano ko Malawi da bai taɓa ganinsa ba ya ɗauki aikinsa ya ɗora, wannan ambato ɗaya ya fi goma na cikin gida.

Labarin da yake sa ni taka-tsantsan da lambobi shine na John Epley, likitan kunne a garin Portland na Amurka. Akwai wani jiri da ke kama mutum in ya juya a gado ko ya ɗaga kai, ɗaki ya riƙa juyawa na ɗan lokaci, a wajenmu sai a ce iska ce ko hawan jini. Dalilinsa wasu 'yan ƙananan duwatsun alli ne na cikin kunne da suke ɓallewa su faɗa cikin bututun da ke kula da daidaiton jiki. Tun 1952 Margaret Dix da Charles Hallpike suka nuna yadda ake gane shi. Epley yace ai in ka kwantar da mutum ka jujjuya masa kai ta wasu kusurwoyi a jere duwatsun zasu gangara su koma mazauninsu, ba allura ba wuƙa. Ya fara faɗa tun wajen 1980, aka yi ta masa dariya, mujallu suka ƙi karɓa, sai 1992 maƙalar ta fito. Da a ce ka duba lambobinsa a tsakanin nan da ka ce ba kowa bane. Yau ko ni nan na sha yi wa tsofaffi a kan gadon duba marasa lafiya, minti biyar zuwa goma, wata hajiya ta tashi tana tambaya wai me na tofa mata.

Wajen mujallun bogi kuwa bari in faɗi nawa kunyar don kada ku maimaita. Shekarar da na gama, saƙo ya shigo mini ta imel ana kirana farfesa, ni da ko takardar shaidata ban karɓo ba, wai sun ga aikina mai daraja suna roƙon in turo. Kai na ya kumbura, na tura abin da na ciro daga tes ɗina, kwana uku aka ce an karɓa ba gyaran ko waƙafi ɗaya, sai takardar biya da dalar Amurka. Na ci bashi na biya, kuɗin da ya kusa albashin wata. Bayan shekara na je nuna wa wani abokina shafin, babu shi, ya ɓace da aikina gaba ɗaya, kuma ba wata mujallar kirki da zata sake karɓar abin da aka riga aka buga. Alamominsu a fili suke in ka natsu: su ke nemanka ba kai ke nemansu ba, karɓa cikin kwanaki, suna mai faɗi da ya haɗa likitanci da noma da injiniya wuri ɗaya, adireshin da ba a gane ƙasarsa. Mujallar gaske tana kai aikinka wajen masu tantancewa biyu ko uku su yi maka kaca-kaca, ka gyara ka mayar, wata uku wata shida ana abu ɗaya. Biyan kuɗi shi kaɗai ba shine alamar bogi ba, masu kyau da yawa ma ana biya. Ka duba ko sunanta na cikin DOAJ, wato jerin tantantattun mujallun da ake karantawa kyauta a intanet, ko PubMed. In jerin malamin da kake dubawa ya cika da irin waɗannan to ko dai an cuce shi kamar ni, ko ya san abin da yake yi, ko wanne ne dai kai ma can zai tura ka.

Amma duk wannan a allo ne, rabin labarin baya intanet. Johan Fagan na jami'ar Kef Tawun a Afirka ta Kudu yana da maƙalu masu yawa, shi da abokin aikinsa suka yi ƙidayar ma'aikatan ORL na ƙasashen Afirka a 2009, aka sake a 2017 tare da Wakisa Mulwafu na Malawi aka ga ba wani ci gaban kirki, amma in ka tambayi ƙananan likitocin tiyata abin da suka san shi da shi zasu ce maka littafin tiyatar kunne da hanci da wuya da ya sa a intanet kyauta, babi-babi da hotuna, wasu an fassara su da Faransanci, wanda mutum ke saukewa a waya ya karanta daren da zai shiga ɗakin tiyata. Mai karanta wannan ba ya ambaton kowa a ko'ina, yana dai yin aikin daidai. To haka zaka nemi na malaminka. Je sashen, ka gaida majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na sashen, da kyau, ka zauna ka sha shayi da ma'aikatan jinya, su suka san komai. Tambaye su cikin hira, akwai abin da aka canza a yadda ake yi saboda wani bincike da Dokta ya yi? Nemi ɗalibai biyu ko uku da suka yi tes a hannunsa, tambaye su yana karanta abin da aka kai masa ko sai ranar sa hannu ake ganinsa, kwana nawa yake riƙe takarda, kuma babbar tambaya, da aka mayar da tes ɗin maƙala sunan wa aka sa a farko. In ɗalibin ya kawar da kai ya yi dariyar yaƙe ka samu amsarka.

Rigimar suna ba yau ta fara ba kuma ba mu kaɗai ba. Robert Bárány, likitan kunne na Biyana wanda ya lura cewa wanke kunne da ruwan sanyi ko mai ɗumi yana sa jiri da rawar ido har ya mayar da shi gwaji, shi aka ba Nobel ta 1914 yana fursunan yaƙi a hannun Rasha, da ya dawo gida abokan aikinsa suka taso shi da zargin bai ambaci gudunmawarsu ba, ya tattara ya koma Upsala a Suwidin har ya mutu a 1936. In mai Nobel bai tsira ba kai wa? Ku yi maganar jerin sunaye tun ranar farko cikin ladabi, "Metir, in Allah ya sa aikin ya yi kyau har aka buga, yaya tsarin sunaye zai kasance?" ba rashin kunya bane, malamin kirki ma daɗi zai ji.

In ka gama duk wannan ka zaɓa, kada ka je hannu rabbana kace a baka take. Ka je da shafi ɗaya, da tambaya ɗaya, ka nuna masa ka karanta nasa, "Metir na ga aikinku na shekara kaza kan kaza, na ce ko za a duba shi a yaran makarantar allo." Tambayoyi kuwa gasu nan zube a ƙofar gida. Cire beli da wanzamai ke yi wa jarirai, kowa a nan ya sani, wasu na zuwa asibiti da zubar jini ko ciwo ya ruɓe. Ellen Einterz, likitar da ta daɗe a asibitin Kolofata, ita da abokan aikinta sun rubuta kansa a babbar mujallar likitanci ta Lancet tun 1994, ba ma likitar ORL bace, abin da take gani kullum ta ƙirga ta rubuta, a shekarar kuma wasu sun yi irinsa a Nijar. Fiye da shekara talatin kenan, me ya canza, waye ya koma ya zauna da wanzaman ya ji ta bakinsu? Ga sanƙarau da ke barin yara da kurumta. Bayan rigakafin sanƙarau na MenAfriVac da aka yi a Cadi a ƙarshen 2011 an buga a Lancet cewa cutar ta ragu da kusan kashi 94 cikin 100 a yankunan da aka yi allurar, kuma sunan farko a maƙalar ɗan Cadi ne, Daugla, amma waɗanda suka tsira daga annobar baya da mataccen kunne suna ina, suna zuwa lakwal? Ga haɓo lokacin hunturu, ga gyaɗa da ƙwayar masara da ƙaramin batirin agogo a hancin yara, shi batirin nan awa kaɗan yake buƙata ya fara cin nama. Ga allurar jentamisin da kinin da ake dirka wa mutane a unguwa ba lissafi alhali suna taɓa ji. Ga masu injin niƙa da 'yan walda da ke wuni cikin ƙara.

Kafin ka taɓa dosiye ko ɗaya ka nemi izinin kwamitin ɗa'a da na shugaban asibiti a rubuce, mujallar kirki zata tambayi lambar takardar, kuma ba a yinta daga baya. Ka buɗe ORCID ɗinka yau, ka zaɓi yadda zaka riƙa rubuta sunanka ka tsaya a kai har abada. Ka sa Zotero a kwamfuta ya riƙe maka jerin abin da ka karanta, KoboToolbox kuma a waya don cike tambayoyi ko ba rezo, duka kyauta ne. Ka riƙa ajiye kwafi wuri biyu, zafin Afrilu na Garwa da ɗaukewar wuta sun kashe kwamfutoci da yawa da tes a ciki.

Ita ƙanwar tawa a ƙarshe ba mai ɗarin ta zaɓa ba, wata Dokta ta ɗauka mai maƙalu goma sha wani abu, fiye da rabi kan kunnen yara, kuma uku na ƙarshe sunan ɗalibanta ne a gaba. Ta je ta same ta da shafinta ɗaya, matar ta karanta a tsaye ta ja layi da jan biro a wuri huɗu tace tambayar ta yi faɗi, ta je ta ƙirga yara nawa aka kawo da mugunya a kunne cikin shekara biyu da suka wuce tukuna sannan ta dawo. Jiya ta turo min hoton rajistan sashen ta WhatsApp, wani ƙaton littafi da bangonsa ya cire, rabin shafukan watan Agusta ruwan sama ya jiƙa su tawada ta bazu, tana tambaya wai waɗanda ba a iya karanta shekarunsu ta zubar da su ko yaya. Nace a'a, ki ƙirga su daban ki rubuta adadinsu, za a tambaye ki ranar kare tes.